Motar Asibiti a Ƙetaren Gada

Kot Mehtab, Punjab
6 ga Maris, 1995

Baji Nahid,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, babbar yaya, ko da yake kafin takardar nan ta iso ki a Maskat an manta da ɗanɗanon taliyar sallah. Ina fata kina lafiya, ke da majinyatan da kike yi wa tsawa. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyata, gwaggonki Bebe, tana nan tana faɗa da matakalar soro kullum. Kawu Irshad kuwa, mahaifinki, ya fi mu duka ƙarfi. Shekaranjiya shi kaɗai ya jawo ɓaunarsa ta kiwo daga taɓo, ya dube ni ya ce malamin makaranta ba abin da yake iya ɗagawa sai alli.

Ga abin da ya sa na rubuto. Watan gobe Yaya Sadakat zai cika shekara da rasuwa. Tunda shi ne gwanin kokawar garin nan kafin aiki ya kai shi Karachi, mun yanke za mu yi gasar kokawa da sunansa ranar Juma'a, 28 ga Afrilu, bayan an gama girbin alkama, a filin bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman nan. Ƙauyuka goma sha biyu sun ce za su turo ƙattansu. Kawu ne alƙalin wasa, kamar yadda yake yi shekara talatin.

Na je ofishin 'yan sanda neman izini, aka miƙo mini takarda. A ƙasanta sai ka rubuta irin tanadin lafiyar da ka yi wa taron. Mataki uku ne. Na farko, mai ba da magani da akwatinsa. Na biyu, shi da motar asibiti. Na uku, likita sosai da mota mai tukunyar iskar numfashi. Jami'in ya ce in zaɓi wanda na ga dama, shi dai kada a bar wurin ba rubutu.

Da na kai wa dattawa, sai gardama ta kaure. Dagaci Fateh Din ya ce, "Tun kakanninmu ake kokawa a filin nan, wa ya taɓa kiran likita? Wanda ya goce, Mansha mai kemis ya ɗora shi, ya sha madara da kurkum, gobe ya tafi gona." Mansha kuwa ya kumbura kamar an naɗa shi sarauta, ya ce ai akwatinsa kaɗai ya isa, har allura biyu ke ciki. Na ce masa ɗayar ta shanu ce, aka yi dariya, aka watse ba a yanke komai ba.

Ke ce nas ɗinmu guda a dangi. Ki faɗa mini wanne zan rubuta, in daina kunyata kaina gaban tsofaffi.

Ƙaninki,
Basharat

*

Maskat
19 ga Maris

Basharat,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai tsayuwa da ke neman cinye mini ƙafafu. Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce mata man zafin da na aiko ba na ajiya ba ne, shafawa ake yi.

Ka rubuta na uku. Kada ka saurari Dagaci, shi da asibiti sai in an kai shi a kwance.

Kuskurenku ɗaya ne, kuna kallon 'yan kokawa. Ƙato mai shekara ashirin da biyar in ya faɗi, kafaɗa ce ko haƙarƙari. Zai iya jiran awa biyu yana zagin wanda ya kayar da shi, ba abin da zai same shi. Masu kallo nake ji. Ƙauyuka goma sha biyu mutum dubu uku ke nan ko fi. Ƙarshen Afrilu ne, bayan sallar Juma'a, a filin da itace ɗaya tak gare shi. Tsofaffi za su zo da ƙafa daga nesa, su ci mai maiƙo, su tsaya a rana suna ihu awa huɗu. Tsoho in ya dafe ƙirji ya faɗi, minti goma gare ka, wani lokacin ma bai kai ba. Akwatin Mansha ba shi da abin yi masa.

Sannan ka tuna hanya. Daga filin zuwa asibitin Gojra tafiyar rabin awa ce, kuma gada ɗaya ce a kan kanal, wadda amalanke biyu ba sa gifta juna a kanta. Saboda haka ka ji da kyau: motar ta tsaya a gefen fili, kusa da da'irar kokawa, hancinta na kallon gada, direba a ciki. Ka sa mutum huɗu masu sanda su hana kowa ajiye komai a kan gadar. Likita ya zauna inda kayansa suke. Ka jera randunan ruwa, ka kafa wa tsofaffi rumfa.

Abu ɗaya kuma. Ba za a samu wani ya yi alƙalancin nan bana ba? Abba ya tsufa da tsayuwa a rana, ko da bakinsa bai tsufa ba. Ka lallaɓe shi ya zauna a rumfa ya riƙa ba da rawanin kyauta. Kada ka ce ni na ce.

Allah Ya jiƙan Sadakat. Har yanzu in na ga dogon mutum ya sunkuya zai shiga ƙofa, gabana faɗuwa yake.

Yayarka,
Nahid

*

Kot Mehtab
2 ga Afrilu

Baji Nahid,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Alkama ta yi ja, mako mai zuwa za a sa lauje.

Na yi yadda kika ce. Na rubuta na uku, jami'in ya dube ni ya ce ko ministan lafiya muka gayyato. An samu likita, wani saurayi mai tabarau daga Gojra, an kuma samu motar ƙungiyar agaji ta can, wadda ita kaɗai ce mai tukunyar iska a yankin.

Maganar Kawu, na gwada. Ya ce, "Nahid ce ta aiko ka, ko? Ka ce mata ranar da na kasa tsayuwa a da'ira, ta zo ta ɗaura mini ɗankwali." Ya kama wuyana ya murɗe a gaban ɗalibaina, har yanzu ban iya waiwaye sosai.

Sai dai an ɗan samu matsala. Ranar Laraba direban, Lal Din, ya kawo motar don ya ga filin, ya biyo ta ƙofar gidanmu. Bebe na zaune a zaure tana tsince shinkafa. Ta ɗaga kai ta ga farar mota, ta ga fitilar hagu mai tsagewa, ta ga fuskar direban. Baji, ashe ita ce motar da ta ƙaraso da gawar Yaya bara. Ni ban lura ba, ita kuwa ba ta manta ko lambarta ba, ita da ba ta karatu.

Faifan ya suɓuce mata. Ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa, ta wasa ce, don ko wani zai ji ciwo. Ta ce, "A taron ɗana za ku kafa mini wannan? Kun kira ta ta zo ta zaɓi wani ne? Wallahi in ta tsaya a filin nan, ƙafata ba za ta fita ba." Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ke ma kin sani, a garin nan ba wanda ya taɓa ganin motar nan ta zo ɗaukar mai rai. Kullum kawowa take yi. Matan unguwa duk sun goyi bayanta.

Amma kada ki damu, na daidaita komai. Likita zai zo, mota za ta zo, an samo mata wuri mai kyau mai inuwa. Bebe ta ci abinci jiya.

Ƙaninki,
Basharat

*

Maskat
13 ga Afrilu

Basharat,

Ina lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Wane wuri ne mai inuwa? Filin nan itace ɗaya gare shi, kuma ƙarƙashinsa mata ke zama. Ina ka kai motar? Na san rubutunka, in ka gajarta magana akwai abin da ka danne.

Zan faɗa maka abin da na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Da na zo hutu a Disamba, ka tuna mun tafi Lahore ni da Abba, muka ce sayen yadi? Likitan zuciya na kai shi. Jijiyoyin zuciyarsa sun tsuke, biyu daga ciki sosai. A cikin motar haya, muna dawowa, ya ɗora hannuna a kansa ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ya ce yayarsa ta binne ɗa bana, ba zai ƙara mata wani tashin hankali ba, kuma ba zai yarda a zaunar da shi a gado ana ba shi ruwan miya da cokali ba.

Ina aiko masa da magani daga nan. Akwai wata ƙaramar kwalba ruwan ƙasa da yake sokewa a ƙugun zaninsa na maza, ta dama. In ka ga ya dafe ƙirji, ko gumi ya karyo masa, ka zaunar da shi, ka sa masa ƙwaya ɗaya ƙarƙashin harshe, ka sa shi a mota nan take. Ka gaya wa likitan tun kafin a buga ganga. Motar nan don Abba na ce a kawo ta, Basharat. Ka maido ta gefen fili ko Gwaggo za ta yi shekara ba ta kula ka ba.

Nahid

22 ga Afrilu. Kwana tara takardar nan na cikin jakata. Kullum sai na wuce akwatin gidan waya, in tuna hannuna a kansa, in wuce. Yau wani tsoho ya mutu a ɗakinmu da irin ciwon, 'ya'yansa na cewa ba su taɓa sani ba. Na gwada kiran shagon waya na Gojra sau biyu, layi bai shiga ba, kuma ba maganar da zan bar wa mai shago ba ce, kafin ta iso ka duk gari ya ji. Yanzu zan jefa ta. Allah Ya sa ta riga Juma'a.

*

Kot Mehtab
4 ga Mayu

Baji,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san wayar da Dagaci ya buga ta same ki, na kuma san ba su ba ki izinin tahowa ba. An yi wa Kawu sutura a ranar da yamma, kusa da Yaya Sadakat. Ban taɓa ganin jana'iza mai yawan mutane haka ba, don duk wanda ya zo kallo bai tafi ba.

Takardarki ta iso shekaranjiya, Talata. Na karanta ta a tsaye a ƙofar makaranta.

An gaya miki ya faɗi a fili, aka yi ƙoƙari, Allah Ya yi ikonsa. Haka kowa ke faɗa. Ni zan gaya miki sauran, don ban iya haɗiye shi.

Motar ba ta gefen fili. A ƙetaren kanal na sa aka ajiye ta, bayan matoyar jan bulo, inda Bebe ba za ta gan ta ba. Na gwada da kekena, minti uku ne daga can zuwa da'ira. Na ce wa kaina minti uku ba komai ba ne. Ranar da na gwada ba kowa a hanya sai akuya.

Masu sanda huɗun da kika ce, na sa su. Da aka fara buga ganga duk suka tafi kallo. Masu tarakta suka jera tirelolinsu tun daga bakin gada, mai matse rake ya kafa injinsa a tsakiyarta, wata tirela kuma ƙafarta ta faɗa gefen gadar ta maƙale. Likitan na sa shi ya zauna kusa da da'ira da 'yar jakar bandeji, don ni na gaya masa targaɗe da gocewar ƙashi zai gani. Tukunyar iska da sauran kayansa suna mota.

An yi karo shida lafiya. A na bakwai, wajen ƙarfe huɗu, Kawu ya ɗaga hannun wanda ya yi kaye, sai na ga bai sauke nasa hannun daidai ba. Ya durƙusa. Mutane suka yi shewa, sun ɗauka wasa yake, kin san shi. Ni na fara isa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya canza launi, yana son magana ba ta fita.

Likitan ya ce, "Yana da ciwon zuciya? Yana shan wani magani?" Na ce a'a. Da ƙarfi na faɗa, Baji. Na ce mutumin nan ɓauna yake ja daga taɓo. Ya ce a kawo mota maza. Aka yi ta ɗaga wa Lal Din rawani daga kan tudu. Ya taso, muna jin kukan motar, muna ganin farin rufinta a ƙetare, ba ta da inda za ta bi.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Yana kwance a cinyata, hannunsa na dama yana ta zuwa ƙugunsa, yana laluba. Na ɗauka zafin ciwo ne ke sa shi fizge-fizge. Sai na kama hannun na riƙe gam, ina cewa, "Kwantar da hankalinka, Kawu, ga mota nan." Ya ja, na ƙara riƙewa. Ya dube ni. Wallahi ya dube ni.

Muka ɗora shi a gadon igiya, ƙatti shida suka ɗauka, muka ratsa mutane muka haura ta kan tirela. Daga faɗuwarsa zuwa sa shi a mota an yi minti arba'in. Likitan ya sa masa iska, ya danna ƙirjinsa har tabaransa ya faɗi. Ba mu kai matoyar bulo ba ya ce wa Lal Din ya tsaya.

Kafin nan an janye tirelar, gada ta buɗe. Motar ta juyo ta shigo gari ba abin da ya tare ta, ta tsaya a ƙofar gidanmu, daidai inda ta tsaya bara.

Wajen wanka, da na kwance zaninsa, kwalbar ta faɗo ta gangara ƙarƙashin gado. Na ɗauke ta, na ga rubutun Larabci a jikinta. Tana aljihuna har yanzu.

Kin ce gefen fili, hancinta na kallon gada. Har layi kika ja a ƙarƙashi. Ni na ji tausayin uwata na kashe miki uba. Ban san yadda ake neman gafarar wannan ba.

Basharat

*

Kot Mehtab
9 ga Yuli

Baji Nahid,

Ina fata kina lafiya. An yi sadakar arba'in, an sauke Alƙur'ani sau uku. Ɓaunar Kawu tana wurina, ta haihu, mace. Damina ta sauka, kanal ya cika.

Wannan takarda ta uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Ba na cewa ki yafe mini. Ki dai rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne, in nuna wa Bebe ambulan ɗin in ce kina gaishe ta. Kullum in mai kawo wasiƙa ya wuce sai ta tambaya.

Na daina bi ta gadar. Ina zagayawa ta ƙauyen Kot Lashkar in je makaranta, ɗalibai suna cewa malam ya fara motsa jiki.

Basharat

*

Maskat
27 ga Agusta

Basharat,

Ina lafiya. Ka gaida Gwaggo, ka ce aiki ne ya yi mini yawa.

Duk takardunka sun iso. Ta farkon sau ɗaya na karanta ta, na tura ta ƙarƙashin katifa. Wata uku ina jin haushinka, ina kuma riƙon haushin da hannu biyu, don in na sake shi sai in dubi kaina. Na zage ka a zuci zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Minti uku a keke! Kai da kake koya wa yara lissafi.

Amma ka dubi hatimin gidan waya a kan takardata, ka dubi kwanan watan da ke samanta. Da na jefa ta ranar da na rubuta, da ta same ka kwana biyar kafin taron. Na san ka. Da ka ji sunan Abba, da ka ajiye motar nan a tsakiyar da'ira, Gwaggo ta yi ta kuka. Na ba ka lissafin mutum dubu uku da zafin rana da faɗin gada, na ɓoye maka mutum ɗayan da nake nufi. Kullum a wurin aiki ina yi wa dangin majinyata faɗa, ku faɗi gaskiyar abin da ke damunsa, ku kawo kwalaben maganinsa. Ni ce kuma na bar likita ya tambaye ka, ka ce a'a. Wannan a'ar tawa ce, bakinka kawai ta ara.

Maganar kwalba. Zan gaya maka a matsayin nas, ba don in sanyaya maka rai ba. Ƙwayar nan tana sassauta jijiyar da ta tsuke, ba ta buɗe wadda ta toshe gaba ɗaya. Yadda ka kwatanta shi, mai yiwuwa da ya sha ma ba ta yi komai ba. Mai yiwuwa kuma da ta ba shi rabin awar da ake nema. Ban sani ba, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na tambayi babban likitanmu kamar labarin wani nake ba shi, shi ma abin da ya ce ke nan.

Hannun da ka riƙe, ka daina cewa da shi ka kashe shi. Ni ina nan ina canza wa wani baƙo ledar ƙarin ruwa a lokacin. Na gode da ya samu wanda ya riƙe.

Ban ce na huce ba. Wata rana na huce, wata rana in tashi da kai a wuya. Ka ajiye mini kwalbar.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada Gwaggo ta san don ita aka kai motar ƙetare. Ta rasa ɗa, ta rasa ƙane. Mu biyu mun isa ɗaukar wannan.

Yayarka,
Nahid

*

Kot Mehtab
10 ga Maris, 1996

Baji Nahid,

Assalamu alaikum. Barka da sallah. Kayan da kika aiko sun iso, rigar ta yi mini yawa, na rame ko ke kika manta girmana. 'Yar ɓaunar ta girma, taurin kai kamar mai ita.

Dattawa sun ce a sake yin kokawar bana, da sunan Yaya da na Kawu. Na ce su nemi wani, ni na gama. Amma Dagaci ya karɓo takardar 'yan sanda ya ajiye mini a gida, wai ni na saba cike ta. Jiya bayan la'asar tana kan tabarma, Bebe ta ɗauka ta juya ta, ta ce wannan ba ita ce ta bara ba? Na ce ita ce. Ta ce in ɗauko alƙalami, tana da saƙo gare ki, kuma in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata magana. Ga shi.

"Nahid, 'yar ƙanina. Ke da wannan shashashan kuna ta rufa-rufa kamar ni jaririya ce. Ranar nan ban zauna ƙarƙashin itace da mata ba, soro na hau don in ga kokawar da kyau. Daga can ana ganin matoyar bulo. Na ga farar motar a bayanta, can nesa, na ce alhamdu lillahi, ɗana ya ji maganata. Daɗi na ji, Nahid. Ina tsaye a wurin na ga Irshad ya durƙusa, na ga motar ta zo bakin gada ta tsaya tana kuka. Ni na goya Irshad a bayana yana jariri. Wata goma sha ɗaya ina jira ɗayanku ya faɗa mini a fuska, kun ƙi, sai kawo mini shayi kuke kuna sunkuyar da kai.

"Bana a kawo ta. A ajiye ta gefen fili, a sa mini kujera a jikinta. Direban nan a gidana zai ci abinci. Wadda ta ce motar gawa ce ta zo ta faɗa mini."

Na ɗauka ta gama, na fara naɗe takardar. Sai ta dafa hannuna.

"Rubuta mata kuma. Tun lokacin sanyi, in na hau matakala numfashina yankewa yake, wani abu ya danne mini nan, ya sauko hannun hagu. Ba gwiwa ba ce ke sa ni zagin matakalar nan. Ban gaya wa kowa ba, don kada in tayar muku da hankali. To, na faɗa."

Na cike takardar, na rubuta na uku. Gobe da safe zan kai Bebe Gojra, ba zan jira Afrilu ba. Ki rubuto mini abin da zan tambayi likita, da sunan wanda kuka gani a Lahore.

Ranar da kika rubuta, Baji, ranar za ki jefa ta.

Ƙaninki,
Basharat